Jeton ɗaya, zubin mako ɗaya

Muna gaida ƙungiyoyin karkarar Tasawa da na Mayahi waɗanda ke aiko mana da saƙo ta hannun masu zuwa kasuwa. Saƙonku na isowa, kuma a gaban taro muke karanta shi.

A fitowar da ta wuce mun yi alkawarin yin magana a kan tanadin iri kafin damina. Ku yi mana haƙuri, mun ɗage ta zuwa gaba. Wani abu ne ya same mu a Maraɗi cikin hutun sallah, wanda in ba mu faɗe shi da zafinsa ba, kunya za ta sa mu haɗiye shi. Ga shi kuwa ya taɓa kuɗin asusu, ya taɓa ƴaƴanmu, don haka ba namu ba ne mu kaɗai.

Sallar bana ta zo daidai da hutun lakwal. Ƙanenmu da ke ɗinki a unguwar Zariya, cikin Maraɗi, ya daɗe yana roƙo mu kawo mashi yara su kwana biyu. Maigida ya yarda, shi ya tsaya wajen bisashe. Kwana 2 bayan sallah muka bar Urafan da asuba, mu da abokiyar zamanmu da yara 5, uku na ɗakinmu, biyu na ɗakinta. Muka sauka Tasawa, muka hau motar Maraɗi. Daga nan tafiyar kilomita 120 ce da ƴan kai, ta Gazawa da Agiye da Cadawa. Ƙananan ba su taɓa wuce Tasawa ba, saboda haka har muka isa hancinsu na manne da gilashin mota.

Ba ziyara kaɗai ta kai mu ba. A lalitarmu akwai jika 20 da muka ɗauka rance daga asusu, don mu saro kayan koli a babbar kasuwar Maraɗi: sabulu, zare, ƴan kunne, man shafawa, abin da muka san yana tafiya ranar kasuwa. Sharaɗin na ƙungiyarmu ne, kun san irinsa: bayan mako 4 a maido jika 22. Ku riƙe wannan lissafi, za mu dawo gare shi.

Kashegari bayan la'asar ƙanenmu ya ce, "Yaya, ku shirya mu kai yaran nan gidan wasa, su ma su ga abin da ɗiyan birni ke gani." Mun ɗauka fili ne mai lilo da inuwa. Ashe ɗaki ne babba a rufe, mai sanyi kamar bakin randa, a daidai lokacin da waje ke toya ƙafa. Fitilu ja da kore da shuɗi suna ta walƙiya. Ƙara kuwa, ki haɗa ranar kasuwa da gidan biki. Injuna jere bango-bango: ga mota mai sitiyari da allon kallo a gabanta, ga dokin roba mai sukuwa a wuri ɗaya, ga kwando da ake jefa ƙwallo, ga wani tebur da mutum biyu ke buga ɗan faifai yana sulɓi bisa iska, ga bindigogin roba. Can ƙurya kuma samari sun jeru gaban talabijin suna buga ƙwallon ƙafa da na'urar nan ta PlayStation.

A bakin ƙofa wani saurayi na zaune bayan tebur. Injin ba ya karɓar kuɗi. Sai ki ba saurayin kuɗinki, ya canza maki da wani ɗan ƙarfe mai kama da dala 20, ana ce mashi jeton. Muka tambayi kuɗinsa, aka ce dala 40, wato sefa 200. Muka dubi juna mu da abokiyar zamanmu. Dala 40 shi ne zubinmu na mako, hannu ɗaya.

Ƙanenmu ya ciro jika 5, aka zubo mashi jeton 25. Yara 7 ne in aka haɗa da nashi biyu, kowa ya samu 3, saura 4. Ya miƙo mana su yana dariya: "Yaya, ku ma ku taɓa, ba laifi ba ne."

Gaskiya ɗaya ce, kuma za mu faɗe ta tun kafin mu kai ga kuka: mun ji daɗi. Autar gidanmu, ƴar abokiyar zamanmu mai shekara 5, tun masassarar da ta yi da damina ta zama shiru-shiru, ba ta wasa sosai. Aka ɗora ta kan dokin nan. Da ya motsa ta ƙanƙame wuyansa, can sai ta saki hannu ɗaya, ta fashe da dariyar da muka yi wata da watanni ba mu ji ba. Uwarta ta juya baya tana share ido da mayafi. Mu kuma muka hau motar. Ba mu taɓa kama sitiyari ba tun da aka haife mu. Babu bangon da ba mu daka ba, babu ramin da ba mu faɗa ba, yara na ihu, "Inna, dama! Inna, dama!" Abokiyar zamanmu ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Wannan ba za mu yi nadamarsa ba.

To amma kowane wasa minti 2 ne ko 3. Kafin mu gama gyara zama, jeton 25 sun shige. Nan yara suka fara kwance kuɗinsu na barka da sallah. Duka-duka abin da suka tara, su biyar, jika 3 ne, suka canza jeton 15. Ɗanmu mai shekara 11 shi ya fi kowa kuɗi, don shi ya fi kowa yawon gaisuwa. Tun a gida yake cewa kaza zai saya ya fara kiwo. Sai idonsa ya faɗa kan wani akwatin gilashi cike da ƴan tsana da ƙwallaye, da wani ƙarfe mai yatsu 3 a rataye daga sama. Kina sa jeton, ki tura ƙarfen ya sauka, in ya ɗauko abu ya jefo waje, ya zama naki. Ya sa na farko, yatsun suka kama ƙwallo, suka ɗaga ta, dab da rami suka sake ta. Ya sa na biyu, haka. Na uku, haka. Sau 8 yana yi. Sefa 1.600 ke nan, kuɗin kazarsa, a kan ƙwallon da in a kasuwa ne ba za ta kai rabin haka ba. Ya juyo, ido ya cika: "Inna, ƙara mini guda, wagga sa'a ina kama ta."

A daidai nan ɗan abokiyar zamanmu mai shekara 9 shi ma ya tsaya gefe hannu wofi, yana kallon ɗiyan kawunsu na ci gaba da wasa. Matar ƙanenmu, Allah ya saka mata, ta fara buɗe jakarta: "Yaya, bari in ƙara masu." To, ƴan uwa, nan ne muka faɗi. Ba injin ya kada mu ba, kunya ce. Mun kwana gidansu, mun ci nasu, mijinta ya riga ya kashe jika 5, yanzu kuma a ce ita ma ta biya ma ɗiyan ƙauye? Muka ce, "A'a, bar shi, akwai." Muka juya baya muka kwance lalita, muka zaro jika 2. Tun da an saya ma ɗaya dole a saya ma kowa, don ba za a koma gida a ce an bambanta ɗaki da ɗaki ba. Jeton 10, kowa 2. Ana tsakiyar wasa wuta ta ɗauke, kafin a tada injin wuta wasannin biyu sun goge, saurayin ya ce shi ba ruwansa. Kuka ya tashi. Muka sake kwance lalita, wata jika 2.

Da muka fito ana shirin kiran magariba. Abin da muka fito da shi a hannu: wasu injunan na fitar da ƴan takardu in yaro ya ci, an haɗa na yara duka aka ba mu alewa 3 da usur na roba.

Ƴarmu mai shekara 13 ita kaɗai ta yi abin da ya kamata mu manya mu yi. Ta tsaya ta kalli kowane inji kafin ta sa komi. Ta gane teburin nan mai ɗan faifai jeton ɗaya ne mutum biyu, sai ta riƙa jan ƙannenta suna bugawa tare. Daga ƙarshe ta rage jeton 2, ta kai ma saurayin ya maido mata dala 80. Ya ce ba a mayarwa. Kuɗi na zama jeton, jeton ba ya komawa kuɗi. Ta ƙulle su a bakin ɗankwali ta taho da su gida.

Da dare, bayan yara sun yi barci, muka ɗauko alkalami, tun da dai ba a banza muka yi karatun yaƙi da jahilci ba. Jika 5 na ƙanenmu, jika 3 na yara, jika 4 namu: jika 12. Jeton 60. In zubi ne, mako 60 ke nan, shekara guda da wata biyu, cikin abin da bai kai awa 2 ba. Ga kuma na rance. Da jika 20 muka zo, saura 16, amma 22 za mu maido. Da can ribar jika 2 muke nema kafin mu fita bashi, yanzu ta zama jika 6, a kan kayan da suka ragu. Barci bai zo da wuri ba a daren nan.

Akwai ƙanen matar ƙanenmu da ke zaune gidan, ɗalibi ne a jami'ar Dan Dikko Dankulodo ta Maraɗi. Da safe ya ji muna maganar akwatin gilashi, ya ce, "Yaya, ai ba rashin iyawar yaro ba ne." Ya bayyana mana cewa irin wannan inji mai shi ke iya saita ƙarfin yatsun, su yi sako-sako mafi yawan lokaci, sai jefi-jefi su riƙe da kyau. Wannan ɗagawa da sakewa dab da rami, ita ce ke sa yaro ya ce saura kaɗan. Ya ce kuma abin ba sabo ba ne. A Amurka aka fara cin kasuwarsa, da wani wasa mai suna Pong na kamfanin Atari a 1972. Sai Japan ta fito da Space Invaders a 1978, da Pac-Man a 1980, wato sa'ar da yawa daga cikinmu. PlayStation ɗin da samari ke bugawa, kamfanin Sony ya fito da ita a 1994. Muka ce to, mutanen da suka yi shekara 50 suna nazarin yadda za su sa yaro ya ce "ƙara mini guda", ba mu da muka shigo jiya daga Urafan za mu fi su dabara da ka ba. Sai da shiri.

Rancen mun biya shi ranar da aka ce, kada hankalinku ya tashi. Amma ba daga ribar koli ya fito duka ba. Zabi 2 muka kai kasuwa. Abokiyar zamanmu ta ce, "Tare munka yi dariya, tare za mu biya," ta ɗauki rabi. Kuma ba mu ɓoye ma ƙungiya ba. Ranar zubi, bayan an ƙirga, muka nemi izini muka faɗi komi, muka fiddo jeton ɗin nan na ƴarmu ya zagaya hannu-hannu. Shugabar da ke tsawata ma wasu a kan cin jari, ga ta ta ci nata. An yi dariya, an yi mana faɗa, kuma duka biyun mun cancanta. Wata dattijuwa daga cikin masu makulli ta juya jeton ɗin ta ce, "Ashe mai gidan nan shi ma asusu gare shi. Sai dai ku ka zubi, shi ka fasawa."

Maganarta ita ce ta sa muka rubuta wannan. Kullum muna cewa da yayyafi kogi kan cika. Gaskiya ne, amma ba kogin mu kaɗai ke cika da yayyafi ba. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi a 1991, tare da ƙungiyar CARE, har tsarin ya bazu ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta, ku duba abin da aka gina shi a kai. Akwati mai kwaɗo 3, makullai a gida 3, akwatin kansa a gida na huɗu. Ba a buɗewa sai a gaban kowa. Ana ƙirga kuɗi da babbar murya, a maimaita, a rubuta. Mai son rance sai ta faɗi abin da za ta yi da shi, ta jira a yarda. Duk wannan don me? Don a sa jinkiri da shaidu tsakanin hannu da kuɗi. Ba don ba mu da amana ba ne, don mun san zuciya ce.

Gidan wasan nan akasin haka aka tsara shi. An canza maki kuɗi da ƙarfen da ba ki san zafinsa ba: sefa 200 kin san tiya nawa ta gyaɗa kika murza kafin ki same ta, jeton kuwa ba ki taɓa yi mashi gumi ba. Inda muka shiga ba mu ga agogo ba, ba mu ga taga ba, ba ki sanin rana ta yi ina. Ƙara ba ta barin ki yi lissafi. Ga yaro na jan zane, ga idon dangi. Ba kwaɗo, ba makulli, ba mai cewa dakata.

To shin maganin a hana yara zuwa? Wasu a taron sun ce haka, mu ba mu yarda ba. Wasa ba ɓata lokaci ba ne ga yaro. Mu ma mun yi gaɗa a farin wata, mun yi carafke, ƴan uwanmu maza sun yi langa da kokowa a dandali, iyayenmu maza har yau suna zaune kan dara. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, a sashe na 31 ta ce hutu da wasa haƙƙin yaro ne. Ƴaƴanmu kuwa nasu hutun bai da yawa. Babban hutun lakwal da damina yake zuwa, a gona suke yin shi. Ƴan mata daga rijiya sai itace sai talla. Yaron da ya yi shekara yana kora awaki, in ya hau dokin roba na minti 3 sau ɗaya a shekara, ba shi ne ya talauta gida ba. Kuma yaron da aka hana ma gani, ranar da ya fita shi kaɗai, ci rani ko karatu, zai shiga ba tare da kowa ya taɓa nuna mashi inda ramin yake ba. Gara ya fara gani hannunsa cikin namu.

Kada kuma mu ce wannan matsalar birni ce. Ƙaramin irinsa ya riga ya iso mu. A Tasawa da manyan garuruwan kasuwa akwai ɗakunan da ake ajiye talabijin da na'urar wasa, da faifan hasken rana ko injin wuta, yara maza na biyan dala 10 ko 20 su buga ƙwallo. Ku tambayi kanku ina canjin aike ke zuwa. Ga kuma salula, da wasanninta, da cacar ƙwallo da samari ke yi a cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, a 2019 ta sa jarabar wasan na'ura cikin jerin cututtukan da ta sani, wato in abin ya kai mutum ya bar karatu da aiki da barci saboda shi. A shekarar kuma ta ba da shawara cewa yaro mai shekara 2 zuwa 4 kada zamansa gaban allon kallo ya wuce awa ɗaya a yini, jariri kuwa kada a ba shi sam. Ba kowane yaro mai wasa ne ya kamu ba, amma uwa ita ke fara ganin alama.

Ga abin da muka tsayar a ƙungiyarmu. Ba doka ba ce a kanku, kowace ƙungiya ta duba abin da ya dace da ita.

Na farko, mun buɗe ɗan asusun yara, daban da babban zubi, daban da na taimako. Dala 10 a mako ga wadda ta ga dama. Mako 48 ya ba da sefa 2.400, a fasa shi mako guda kafin ƙaramar sallah. Wannan kuɗin sunansa na wasa. Ko gidan wasa, ko alewa, ko ƙwallo, ko kuɗin mota zuwa wurin kaka, in ya tafi ba a yi asara ba, aikinsa ya yi. Daɗin da aka yi ma tanadi ba ya hana barci.

Na biyu, kuɗin rance ba ya shiga gidan wasa, ko a lalita. A fara zuwa kasuwa a sari kaya, ko a bar kuɗin a gida hannun wadda aka yarda da ita. Da mun je sari da safe kafin la'asar ɗin nan, da zabinmu na nan suna kiwo.

Na uku, a yanke magana tun a gida, a gaban yara, a gaban mai masauki. "Kowa jeton 4, in sun ƙare mun fito." A canza sau ɗaya, a ƙirga ma kowane yaro nashi a tafin hannu, na wannan ɗaki da na wancan daidai, mace da namiji daidai. Ba a komawa teburin saurayi sau biyu. In an faɗa tun farko, babu kunya a tsakiya. Mai masaukin kirki ma sauƙi kika yi mashi.

Na huɗu, a faɗa ma yaro kuɗin jeton da harshen da ya sani. Wannan ɗaya ƙosai nawa ne, takardar rubutu nawa ce, zubin Inna na mako ne. Ba don a ɓata mashi rai ba, don ya zaɓa da ido buɗe. A zagaya da shi a kalli injunan duka kafin a sa na farko.

Na biyar, a raba wasa da caca. Injin da kika biya ya ba ki abin da kika biya, sukuwa ko tuƙi ko buga ƙwallo, wannan wasa ne. Wanda kika biya don ko Allah ya sa ki ci wani abu, wannan ƙofar caca ce ko da ƴar tsana ce a ciki, kuma mun san matsayin caca a addininmu. A fi ba da ƙarfi ga wanda mutum biyu ke yi tare: kuɗi ɗaya, dariya biyu. Na bindiga kuwa mu dai mun ce a'a. A jihar da ƴan uwanmu na wajen Madarunfa da Gidan Rumji suka sha wahalar ƴan bindiga, ba mu ga abin wasa a harbin mutum ba, ko na hoto ne.

Na shida, abin kiyayewa a wurin. A tambaya tun kafin a biya: in wuta ta ɗauke, ana maido jeton? Ranar sallah cunkoso ya yi yawa, in da hali a bari sai kwana 2 ko 3 bayanta. A rubuta lambar salular mai masauki a takarda a sa a aljihun kowane yaro. A haɗa babba da ƙarami, kowa ya san hannun wa yake riƙe. A lura da wayoyin wuta a ƙasa. A tafi da ruwan sha daga gida, don na ciki tsada gare shi. Yaro ƙarami in ya toshe kunne ko ya fara kuka, a fita da shi, ba dole ba ne. Kuma a sa lokacin fita ya zama lokacin salla, ita ce agogon da ba a iya ɓoye mana.

Kun so ku ji labarin mai kaza. Kwana 2 bai yi magana sosai ba. A mota muna dawowa, wajen Gazawa, ya ce, "Inna, da gangan ƙarfen nan ke saki?" Muka ce haka aka faɗa mana. Ya yi shiru. Ba mu biya mashi kuɗinsa ba, kuma ba mu zage shi ba, tun da namu laifin ya fi nashi girma, kuma mun faɗa mashi haka. Yanzu yana taya mu talla ranar kasuwa, muna ba shi ladansa, yana kai ma yayarsa ta ajiye mashi a gwangwani. Ita ce ma'ajiya, ita ke rubutawa. Sun ce mu ne mai makulli. Ya ce baɗi in an koma Maraɗi teburin ɗan faifai kaɗai zai buga, kuma sai ya ci yayarsa. Autar kuwa har yanzu tana hawa turmi tana cewa dokinta ne.

Jeton ɗaya ƴarmu ta bar ma ƙungiya, yana cikin akwati tare da littafi. Duk wadda ta zo neman rance dab da sallah, ma'ajiya na fiddo shi ta aza kan tabarma, ba ta cewa komi.

Ƴan uwa na sauran ƙungiyoyi, in akwai wadda ta taɓa kai yara irin wannan wuri, a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai ko Kano, ta aiko mana yadda ta yi da nata lissafin, mu karanta mu ƙaru. Waɗanda ke da ɗakin wasa a garinsu kuma, ku gaya mana yadda kuke yi da yara maza. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu cika alkawarin maganar iri, don hadari ba ya jiran mai bashi.

Allah ya raya mana zuri'a, ya sa albarka a zubinmu, ya bar zumunci. Sai mun sake saduwa.